Ranar da Ƙafar Mahfuz Ta Motsa

Mahfuz kafinta ne, amma ba irin masu haɗa gado da kujera ba. Shi mai buga rufi ne. Shekara goma sha tara ya yi yana hawan gine-ginen mutane a cikin Bauchi, tun ana yayin farin kwano har aka koma mai launi, ko targaɗe bai taɓa yi ba. Matarsa Zubaida takan tsokane shi ta ce duk unguwarsu ta Ƙofar Wambai babu wanda ya kai shi sanin sirrin tsakar gidan mutane. Sai ya yi dariya ya ce ai kafinta in ya hau sama makaho ne.

Wata Talata da hantsi, ana gab da faɗuwar damina, yana kan wani bene da ake ginawa a unguwar Inkil, katakon da ya taka ya karye. Ya faɗo da baya a kan tulin bulo. Abokan aikinsa mutanen kirki ne, kuma sauri suke yi don su cece shi. Wani ya kama hammata, wani ya kama ƙafa, suka naɗe shi a bayan keke napep suka yi asibiti da shi, hanya duk gargada. Daga baya wani likita ya ce da an kwantar da shi a miƙe a kan faffaɗan katako, da wataƙila abin bai kai haka ba. Wataƙila kawai ya ce, amma kalmar ta zauna wa Zubaida a ƙirji.

Wata biyu suka yi a asibiti. An yi masa aiki, an sa ƙarfe an ɗaure ƙashin bayan. Ƙashi ya kama, amma daga cibiyarsa zuwa ƙasa shiru. Ba ya motsawa, ba ya jin taɓi, fitsari ma sai da roba. Aka sallame su da keken guragu da jakar magani, aka ce duk Alhamis su riƙa zuwa sashen gashin ƙashi.

A can ne Zubaida ta saba da Sista Dorcas, ma'aikaciyar da ke duba shi. Doguwar mace ce 'yar Bogoro, mai ƙarfin hannu, ba ta iya ɓoye-ɓoye ba. Ita ta koya mata yadda za ta riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta ci masa fata, da yadda za ta riƙa lanƙwasa masa gwiwa da idon sawu. Ta ja mata kunne a kan ruwan zafi, ta ce ko na wanka ne sai ta fara gwada shi da gwiwar hannunta. Abubuwan da aka gaya mata a lokacin suna da yawa, kanta kuwa ya ɗauki zafi. Wasu ta riƙe, wasu sun zube.

Suka dawo gidan gado, inda mahaifiyar Mahfuz, Inna Aishatu, ke zaune a ɗakin da ke kallon nasu, yayansa Auwalu kuma yana sashen gaba da iyalinsa. Inna ba ta taɓa yarda cewa ɗanta ya kwanta ke nan ba. Kullum da safe sai ta shigo da rubutu a kwano, ta shafa masa a ƙafafu, ta ce, "Barci suke yi, za su farka."

A wata na huɗu, wata safiyar Laraba, Zubaida tana goge masa jiki. Ta kama ƙafar hagu ta sa soso a tafin, sai ƙafar ta fizge daga hannunta. Gwiwa ta lanƙwashe, yatsu suka baje, sannan ta koma ta kwanta. Zubaida ta saki soso. Ba ta san lokacin da ta ƙwala kira ba.

"Inna! Inna, zo ki gani!"

Inna ta shigo ba ko ɗankwali. Zubaida ta sake goga soson, ƙafar ta sake janyewa. Tsohuwa ta zube a ƙasa ta yi sujada, ta ɗago ta rangaɗa guɗar da rabon a ji irinta a gidan tun ranar sunan Ni'ima, 'yar su Zubaida. Kafin azahar an soya ƙosai an raba sadaka, maƙwabta suna ta shigowa barka. Duk wanda ya zo sai an sosa tafin ƙafar ya gani da idonsa, ya yi kabbara. Auwalu ya baro shagonsa ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa yana share ido da hannun riga. Mahfuz na kwance yana amsa gaisuwa, yana murmushi, bai ce komai a kan ƙafar ba. Zubaida ta lura da shirun nasa, amma ta ce a ranta gajiya ce.

Ta ɗauki hoton bidiyon abin a wayarta. Washegari Alhamis, mai motar da ke kai su bai samu zuwa ba, ita kuwa ta kasa haƙuri. Ta bar wa Inna Mahfuz, ta hau keke ta tafi ita kaɗai.

Sista Dorcas ta kalli bidiyon sau biyu. Fuskarta ba ta canza ba. Ta miƙa mata wayar ta ce, "Maman Ni'ima, lokacin da kike sosawa, ya ce ya ji?"

"Ban tambaye shi ba."

"In kin ce masa ya ɗaga da kansa, yana iyawa?"

Dorcas ta jawo ƙofa ta rufe, ta nuna mata gadon gwaji. "Hau nan ki zauna, ki saki ƙafafunki suna lilo."

Ta ɗauko wata 'yar guduma mai kan roba, ta ƙwanƙwasa mata ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ƙafar Zubaida ta yi tsalle ita kaɗai.

"Ke kika sa ta?"

"A'a."

"To ki saurara, zan gaya miki yadda yake, don gara ki ji daga bakina." Ta juya bayan wani kati ta zana da'ira, ta ja dogon layi daga ƙasanta, ta fitar da ƙananan rassa hagu da dama. "Wannan ƙwaƙwalwa ce. Wannan doguwar ita ce laka, tana cikin ƙashin baya. Waɗannan kuma jijiyoyi ne. Ba na jini ba fa, su waɗannan saƙo suke ɗauka. Wasu suna kai labari sama: an taɓa ni, akwai zafi, akwai sanyi, mara ta cika. Wasu suna kawo umarni ƙasa: ɗaga, taka, riƙe, saki. Duk mai hawa da mai sauka ta cikin laka yake bi, babu wata hanya."

Ta ja biro ta tsaga layin a tsakiya. "Ta mijinki a nan ta yanke. Abin da ke ƙasa bai mutu ba, jini yana zuwa masa, shi ya sa ƙafar take da ɗumi. Kuma laka tana da ɗan nata wayo. In kin taka garwashi, ba ta jiran labari ya kai ƙwaƙwalwa, ita da kanta take janye ƙafa, daga baya ki ji zafin. Bayan faɗuwa takan yi ɗif na wasu watanni, sannan guntun da ke ƙasa ya farfaɗo ya ci gaba da wannan ɗan aikin shi kaɗai. Shi kika gani jiya. Saƙon ya shiga laka ya juyo, bai hau sama ba. Shi mai ƙafar bai san an yi ba."

"Amma tunda ta farfaɗo," in ji Zubaida, "ba za ta haɗe ba? Ƙashin ma ai ya haɗe."

"Ƙashi daban. Jijiyar hannu ma in ta yanke wani lokaci takan toho a hankali. Laka ba ta yin haka. Da akwai ragowar zare ko ɗaya da ya tsira, da yanzu mun ga alama, ko jin taɓi ne kaɗan. Duk sati ina gwada shi da allura, kina gani." Ta ajiye biron. "Allah yana iya komai, ni ma ina addu'a. Amma abin da na sani ke nan, ba zan yi miki ƙarya ba."

Zubaida ta fito ta tsaya a bakin titi. Kekuna uku suka tsaya mata suka wuce, ba ta ɗaga hannu ba. Da ta iso gida ta tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe, tana 'yar waƙa. Ta gaishe ta ta shige ɗaki.

Ta zauna a gefen katifa ta rasa ta inda za ta fara. Mahfuz ya dube ta ya ce, "Ta ce ba komai ba ne, ko?"

"Baban Ni'ima..."

"Na sani tun jiya. Da kuna sosawa na rufe ido don in ji. Sai da kuka yi kabbara na san ta motsa. Kamar ƙafar wani ce aka ajiye mini a kan gado." Ya juya fuska wajen bango. "Kada ki gaya wa Inna. Jiya ne kawai na ga ta ci abinci ta ƙoshi."

Ba ta gaya mata ba. Wannan shirun shi ne abin da ta fi yin nadama a kansa daga baya.

Bayan kwana shida Auwalu ya zo da labari. Akwai wani dattijo mai suna Jalo a wani ƙauye ta hanyar Dass, gwanin gashin ƙashi ne na gargajiya, ya tayar da mutane da yawa masu ciwon baya da sanyin ƙashi. Tunda ƙafa ta fara farkawa, in ji shi, abin da ya rage a taimaka mata da ɗumi, jini ya gudana.

Zubaida ta durƙusa ta ce, "Yaya Auwalu, a yi haƙuri. A asibiti sun hana a sa masa abu mai zafi. Kuma motsin nan, Sista ta ce ba shi yake yi ba, laka ce..."

"Su ba su ne suka ce ba za ta ƙara motsi ba?" Bai ɗaga murya ba. "Ga ta ta motsa a gaban idon kowa. Yanzu kuma sun ce motsin ba motsi ba ne. Zubaida, ƙanina ne, ciki ɗaya. Kina ganin zan kawo abin da zai cuce shi?"

Inna ta dube ta, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba. "'Yar nan, ko kin gaji ne? In kin gaji ki faɗa, ba laifi ba ne."

Maganar ta daki Zubaida. Ta juya wajen mijinta tana jiran ya buɗe baki. Mahfuz ya dubi uwarsa, ya dubi yayansa, ya ce, "A gwada. Ai ba a san inda rana za ta faɗi ba."

Jalo ya zo ranar Asabar da hantsi. Tsoho ne mai natsuwa, da ƙaramin buhu na ganye da wasu duwatsu masu sulɓi guda huɗu. Ba mayaudari ba ne, ya gaji sana'ar daga ubansa kuma ya yi imani da ita. Aka hura gawayi a kurfoti, ya jera duwatsun a kai. Da za a fara ya ce mata su ba su wuri. Zubaida ta fito ta tsaya a jikin taga, Inna na zaune a kan tabarma tana jan carbi.

Shekara arba'in Jalo yana gashi, kuma a duk shekarun nan majinyaci ne ke gaya masa ya isa. Mutum zai yi ƙara, ko ya ce wayyo, sai ya ɗage dutsen. Ya naɗe dutse a ganye ya ɗora a tafin ƙafar hagu, ya tambaya, "Da zafi?"

"Babu," in ji Mahfuz.

Ƙafar kuwa ta fizge da ƙarfi. Auwalu ya yi kabbara. "Ka gani, Baba! Tana amsawa!"

"Riƙe mini ita," in ji Jalo. "Sanyin ya yi nisa, sai an matsa."

Auwalu ya danne gwiwar da hannu biyu. Aka sake ɗora dutse, aka ɗauko wani aka bi ƙauri da shi. Ƙafar tana ta ƙoƙarin ƙwacewa, ana danne ta. Zubaida tana jin komai ta taga. Ta san abin da ƙafar ke yi, an zana mata shi a bayan kati: gudun wuta take yi, ita kaɗai, ba mai jin ta. Sai wani wari ya fito ta tagar, ba na ganye ba. Ta banke ƙofa ta shiga, ta sa hannu ta ture dutsen, ya ƙone mata yatsu uku.

"Ku dubi ƙafar! Don girman Allah ku dube ta!"

Jalo ya ɗage ganyen. Fatar tafin ta yi fari fat, ta saluɓe ta biyo ganyen. A ƙauri ma wuri biyu. Tsohon ya daɗe yana kallo. "Bai ce da zafi ba," ya ce a hankali. "Na tambaye shi sau uku." Ya tattara duwatsunsa, ya ƙi karɓar ko ruwa, ya fita.

Mahfuz ya ɗaga kai yana leƙen ƙafar daga inda yake kwance. "Mene ne? Me ya faru?" Duk ɗakin shi kaɗai ne bai sani ba.

A ranar suka kai shi asibiti, aka wanke aka naɗe. Amma naman da ba ya motsi ba ya saurin warkewa, kuma ƙunar ta yi zurfi fiye da yadda ido ya gani. Sati biyu ana zuwa wanki, ciwon sai ci yake yi. A sati na uku zazzaɓi ya rufe shi, yatsun suka fara baƙi, aka ba su gado. Sista Dorcas ta zo duba shi a ɗakin maza. Ta ɗaga bandejin ta mayar. Zubaida ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa, amma Dorcas ba ta yi ba. Ta kama hannunta ta duba yatsun da suka ƙone, ta ce, "Ke kin ji, shi ya sa naki ya tsaya iya nan. Zafi mai gadi ne. Shi nasa mai gadin ba ya nan."

Likita ya tara su, Mahfuz da Auwalu da Zubaida, a gefen gadon. Ya ce ƙwayar cuta ta kai ƙashi, in ba a cire ƙafar daga ƙasan gwiwa ba za ta shiga jini. Auwalu ya dafe kai ya fara kuka kamar yaro, yana cewa shi ya jawo, shi ya danne ta da hannunsa.

"Yaya, bari," in ji Mahfuz. Ya dubi likitan. "A yanke. Ai ko allurar kashe zafi ba sai kun ɓata ba."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma ba don a yi ya faɗa ba.

Aka yi aikin ranar Litinin. Bayan sati uku suka koma Ƙofar Wambai. Inna ta daina shigowa da rubutu. Takan zo bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "An tashi lafiya?" ta koma, ba ta iya kallon inda zanen ya lotsa. Wata rana ta tare Zubaida a madafa ta ce, "Ki yafe mini maganar da na gaya miki." Zubaida ta ce ba komai, kuma har ranta ta yafe. Sai dai tsohuwar ba ta ƙara komawa daidai ba. Ta rame, ta rage magana, azumi na zagayowa ta kwanta, bayan ƙaramar salla da kwana tara aka kai ta makwancinta. Auwalu yana kawo cefane kullum, yana ɗaga ƙaninsa zuwa kan keke in an buƙata, amma ba sa haɗa ido.

Wajen wata biyu da yankewar, wata rana da la'asar, Zubaida na tsakar gida tana wanki ta ji Mahfuz yana nishi. Ta shiga ta same shi ya jiƙe da gumi, ya damƙe gefen katifa.

"Ƙafata," ya ce. "Ta hagu. Kamar an zuba mata barkono, kamar ana tsira mata ƙusa a diddige."

Ta dubi inda yake nunawa. Babu komai a wurin sai zanen gado.

Ranar Alhamis ta tambayi Sista Dorcas, kuma a wannan karon ba ta je da wani fata ba. Dorcas ta ce yana faruwa. Ƙwaƙwalwa tana da wurin kowace gaɓa a cikinta, in ta daɗe ba ta samu labari daga wani wuri ba, ita da bakin lakar da ya yanke sukan fara ƙirƙiro nasu, kuma yawanci zafi suke ƙirƙirowa. Ba ƙarya yake yi ba, ba kuma aljanu ba ne. Likita zai rubuta magani, yana ragewa, ba ya kashewa.

Haka kuwa aka yi. Maganin yakan sa shi barci da rana, ya tashi kansa ya yi nauyi, zafin kuma ya dawo lokacin da ya ga dama. Abokan aikinsa da suke zuwa duk Juma'a suka koma wata-wata, daga baya sai a waya. Zubaida ta fara yin awara a ƙofar gida, inda za ta iya jin kiransa. Duk awa biyu takan sauke kasko, ta wanke hannu, ta shiga ta juya shi, ta duba bayansa da ƙugunsa ko fata ta yi ja.

In abin ya taso masa takan zauna kusa da shi ta rasa abin yi, don babu wurin da za ta shafa. Wata rana ya ce ta gwada danna masa dungun ƙafar, ko Allah zai sa. Ta danna, ta murza, ta daɗe tana yi.

"Kin fara?" ya tambaya, idonsa a rufe.

"Tun ɗazu."

"To bari haka nan, Zubaida. Je ki, manki zai huce."

Ta gyara masa matashi, ta rufe shi da zane, ta fita ta mayar da kasko kan wuta.